Ziyarar Ƙaramin Gandun Namun Daji: Daga Daura Zuwa Dagona

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa a makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ba ya shafe mako guda bai ambaci wata dabbar daji ba. In ba ta fito a tatsuniya ba, za ta fito a karin magana ko kacici-kacici ko labarin da ke cikin littafin karatu. Sai dai da za a tsayar da yaran aji a Daura ko Zango ko Mai'aduwa a tambaye su wanda ya taɓa ganin barewa da idonsa, ko wanda zai iya bambanta gada da mazo, da wuya a sami amsa mai gamsarwa. Sau da yawa shi kansa malamin bai fi yaran sani ba. Kalmomin suna nan a baki, amma abubuwan da suke nuni gare su sun yi nisa da ido. Wannan babi ya duba hanya ɗaya ta rage wannan tazara, wato ziyarar gandun namun daji. An ɗauki ƙaramin wuri da ɗalibin da ya taso daga masarautar Daura zai iya kaiwa cikin yini guda, aka yi bayanin abin da wurin ya ƙunsa, da yadda ake ziyartarsa, da abin da malamin harshe zai iya ɗebowa daga can.

1.1 Safari da Gandun Daji

Turawa da masu harkar yawon buɗe ido suna kiran irin wannan tafiya da sunan safari. Kalmar ba ta Turanci ba ce. Daga Suwahilanci aka aro ta, su kuma Suwahilawa daga kalmar Larabci ta safar suka samo ta, wadda ke nufin tafiya. Daga wannan tushe ne Hausa ta sami kalmar safara, wadda Bahaushe ya keɓe ta ga tafiyar fatauci. Ke nan kalma ɗaya ta bi hanyoyi biyu: a gabashin Afirka ta zama tafiyar farauta ta Turawan mulkin mallaka, daga baya ta koma tafiyar kallon dabbobi da ɗaukar hotonsu, a ƙasar Hausa kuwa ta tsaya a kan jigilar haja daga gari zuwa gari.

Gandun daji na ƙasa shi ne yankin da gwamnatin tarayya ta keɓe da doka domin kare dabbobi da tsirrai da ruwan da ke cikinsa, aka haramta farauta da kiwo da saran itace da cinna wuta, amma aka yarda mutane su shiga domin kallo da nazari. A nan ya bambanta da gidan zu, irin na Audu Baƙo da ke Kano, inda dabba take cikin keji ana kawo mata abinci. A gandu, dabbar ce take gidanta, mutum ne baƙo. Wannan bambanci shi ne tushen duk ladubban ziyara da za a ambata a gaba.

A Amurka aka fara kafa irin wannan gandu, wato Yellowstone, a shekarar 1872. A Afirka kuwa an kafa na farko a Kwango a 1925, wanda a yau ake kira Virunga, sai na Kruger a Afirka ta Kudu a 1926. A Nijeriya, Gandun Tafkin Kainji ne ya fara samun wannan matsayi a 1979. A 1991 aka ƙara guda 5: Yankari da Gashaka Gumti da Kuros Riba da Tsohuwar Oyo da na Yankin Tafkin Cadi. A 1999 aka ƙara Kamuku da Okomu. A 2006 Yankari ta koma hannun gwamnatin Jihar Bauci, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaga darajar wasu dazuzzuka 10, cikinsu har da Kogo a Jihar Katsina da Falgore a Jihar Kano da fadamun Haɗeja a Jihar Jigawa.

Gandaye ba girmansu ɗaya ba. Gashaka Gumti ya haura murabba'in kilomita 6,000, Yankari kuwa 2,244 ce. Amma akwai ƙanana waɗanda sunansu ya zagaya duniya, kamar na Nairobi a Kenya, wanda aka kafa a 1946. Faɗinsa murabba'in kilomita 117 ne kacal, kuma a bakin birni yake, har mai kallon zaki ko karkanda yakan hangi dogayen benaye a bayansu. Ƙanƙantar wuri ba ta rage masa daraja. Hasali ma, ga ɗalibai masu ƙaramin guzuri da ɗan lokaci, ƙaramin wuri ya fi amfani, domin ana iya zagaya shi a natse, a koma wuri ɗaya sau biyu ko uku, a ga yadda yake sauya kama daga asuba zuwa almuru.

1.2 Dajin Ƙasar Daura Jiya da Yau

Babu gandun namun daji na ƙasa a masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure. Ƙasa ce ta jigawa, mai gajeriyar damina, wadda gonakin gero da dawa da wake suka mamaye kusan ko'ina. Itatuwan da suka rage, irin su gawo da kuka da aduwa da kanya da tsamiya, galibi waɗanda manomi ya ga dama ya bari ne saboda amfanin da yake samu gare su. Dabbobin da yaro zai ci karo da su a bayan gari ba su wuce zomo da kurege da bushiya da damo da gafiya ba, sai ko dila ko yanyawa jefi-jefi.

Da can ba haka abin yake ba, kuma harshe da al'ada su ne shaida. Tarihin kafuwar Daura kansa a kan dabba ya ginu, wato macijiyar rijiyar Kusugu da aka ce Bayajida ya kashe. Sarautun gargajiya irin su Sarkin Dawa da Sarkin Baka ba za su samu ba a ƙasar da babu abin farauta. Haka kuma dabarar burtu, inda maharbi yake sassaƙa kan wannan tsuntsu ya ɗaura a goshi, ya duƙa yana tafiya yana kwaikwayon kiwonsa har ya kusanci barewa, ba ta fito ba sai daga mutanen da suka daɗe suna nazarin halayyar dabbobi. Wanda ya ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ya ga barewa, ya kuma ga ɗanta.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kawar da waɗannan dabbobi. Yawan jama'a ya sa an daina barin saura ta huta, aka share dazuzzukan da ke tsakanin garuruwa. Bindiga ta maye gurbin kwari da baka. Farin da aka yi a 1973 da wanda ya biyo baya a 1984 sun busar da tafkuna, suka kashe itatuwa, suka tilasta wa mutane komawa ga daji neman abin kai wa baka. Ko ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta da kasuwa, ta yi ƙaranci ƙwarai a garuruwan Arewa saboda guba da cinikin sassan jikinta don magani, har a 2015 aka sanya irin wadda aka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Saboda haka malamin da ke son ɗalibansa su ga daji mai rai, tilas ya fita da su wajen masarautar.

1.3 Ina Za a Dosa?

Yankari ce takan fara zuwa a rai, saboda giwaye da gwaggon biri da ruwan ɗumi na Wikki. Wuri ne da ya cancanci ziyara, amma tana da nisa daga Daura, kuma kuɗin mota da masauki yakan fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai. Kamuku, wadda ke ƙasar Birnin Gwari, da dajin Kogo da ke kudancin Katsina, suna cikin yankin da matsalar 'yan bindiga ta addaba, ba wuraren da malami mai hankali zai kai 'ya'yan mutane ba ne sai an tabbatar da lafawar al'amura. Wannan ya sa ido yake komawa gabas, zuwa fadamun Haɗeja da Nguru.

Gandun Yankin Tafkin Cadi ba dunƙulallen wuri ɗaya ba ne. Sassa 3 ne a warwatse: Cingurmi-Duguma a Jihar Barno, da dausayin Bulatura a cikin tuddan rairayi na arewacin Yobe, da sashen fadamun Bade da Nguru, shi ma a Yobe. A cikin wannan sashe na uku ne ake samun mafakar tsuntsayen ruwa ta Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa. Matafiyi daga Daura yakan bi ta Zango da Ɓaure ya shiga Jigawa ta Ɓaɓura, ya ratsa ƙasar Gumel da ta Haɗeja, ya faɗa Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya tuƙe. Ga ɗalibin tarihi, hanyar kanta darasi ce, domin a ƙasar Haɗeja ne Garun Gabas take, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, 'yar'uwar Daura a labarin Bayajida. Ga ɗalibin harshe kuma, mutanen da zai tarar a Dagona Badawa ne, kuma harshensu ɗan gida ɗaya ne da Hausa a cikin iyalin harsunan Cadi, ko da yake Bahaushe ba ya jin sa. Tare da su akwai Mangawa da Fulani da Hausawa masunta da manoma.

1.4 Ruwa da Tsuntsayen Dagona

Wanda ya je Dagona da zummar ganin zaki ko giwa zai dawo da ɓacin rai. Dabbobi masu ƙafa huɗu kaɗan ne, kuma masu ɓuya ne: jan biri da dila da guza a bakin ruwa, sai wanda ya yi sa'a ya hangi gadu ko barewa. Arzikin wurin a sama yake da kuma kan ruwa. Kafin a fahimci dalili, sai an fahimci yadda ruwan yake zuwa.

Kogin Haɗeja yana tasowa daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Idan suka iso wannan yanki sai su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda tsofaffin tuddan rairayi suka gitta. Ruwan ba ya samun hanya miƙaƙƙiya, sai ya rarrabu rassa-rassa, ya malale tsakanin tuddan, kafin ragowarsa ta tattaru ta zama kogin Yobe ta nufi Tafkin Cadi. Ambaliyar takan kai ƙarshenta wajen watan Satumba zuwa Oktoba, daga nan ta riƙa ja da baya a hankali, tana barin tafkuna da taɓo cike da kifi da kwaɗi da ƙwari da irin ciyayi. Tafkin Dagona ɗaya ne daga cikin waɗannan, tsohuwar hanyar kogi ce da ruwa yake cikawa duk shekara. A lokacin da ƙasar da ke kewaye ta bushe ƙayau da hunturu, nan ne kaɗai ake samun ruwa da abinci.

A daidai wannan lokaci ne sanyi yake rufe Turai da arewacin Asiya. Miliyoyin tsuntsaye sukan baro can su yi kudu, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma wuraren da suke fara tararwa masu ruwa su ne fadamun da ke bakin hamada: na kogin Sanagal, da na kogin Kwara a Mali, da Tafkin Cadi, da waɗannan na Haɗeja da Nguru. Akwai ƙananan agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo waɗanda a Rasha aka ƙyanƙyashe su. Masana sun gane haka ta hanyar sanya wa tsuntsu ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa, in an kama shi a wata ƙasa sai a san inda ya fito. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 300 a waɗannan fadamu, kuma ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu cikin tsakiyar shekarun 1990 takan haura tsuntsayen ruwa 200,000. Wannan ne ya jawo hankalin duniya. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, a 2008 kuma aka ƙara Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa.

Ga malamin Hausa, 'yan gida sun fi baƙin muhimmanci, domin su ne suke da suna a harshe. Akwai kirinjijiya, agwagwar ruwa mai farar fuska wadda take tashi garke-garke tana fito. Akwai dinya, wadda ta fi duk agwagin wurin girma. Akwai zalɓe, mai tsayawa cik a ruwa kamar an dasa shi, har sai kifi ya manta da shi. Da balbela mai bin shanu. Da jinjimi mai farin jiki da baƙin kai da lanƙwasasshen baki. Da kwasakwasa mai jaka a ƙarƙashin baki. A cikin itatuwan bagaruwa da goruba da ke gefe kuma ana jin cilakowa da hasbiya da kurciya, fakara da zabin daji suna ratsa hanya da sassafe. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa a Nijeriya, a da tana cikin adon waɗannan fadamu, amma kamu don kiwo a gidajen masu hali da lalacewar wurin ƙwanta sun sa ganinta a daji ya zama abu mai wuya ƙwarai.

Akwai tsuntsuwa ɗaya da ɗalibi zai nema ya rasa, ita ce shamuwa. Tafiyarta kishiyar ta baƙin Turai ce. Ita da bazara take isowa ƙasar Hausa, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta yi ƙwai da damina, da kaka kuma ta koma gabashi da kudancin Afirka. Shi ya sa manomi yake ɗaukar zuwanta a matsayin albishir na ruwa. Malamin da ya iya bayyana wa yara dalilin da ya sa ba a ganin shamuwa a watan Janairu, ya koyar da kimiyya da al'ada a zama ɗaya.

1.5 Shiri da Ladubban Ziyara

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suka hallara, hanyoyi kuma suka bushe. Da damina ruwa yakan yanke hanya, da bazara kuwa zafi ya tsananta, tafkuna sun ƙafe, baƙi sun koma. Wajibi ne kwaleji ta rubuta wa hukumar gandun tun da wuri, ta nemi izini da ɗan jagora, ta kuma bincika halin tsaro daga bakin hukuma a makon tafiyar, ba daga jita-jita ba. Jihar Yobe ta sha fama da rikicin Boko Haram, ko da yake yammacinta bai ɗanɗana kamar gabashinta ba. Haka nan ya kyautu a fara gaida mai gari kafin a shiga daji. Wannan ladabi ne, kuma ta nan ake samun dattawan da za a yi hira da su.

Guzurin bai da yawa: ruwan sha wadatacce, da takalmi rufaffe saboda ƙaya, da rigar sanyi don asubar hunturu, da gidan sauro, da littafi da fensir. Madubin hangen nesa ko guda biyu ne aka samu ana iya karɓa-karɓa. A guji fararen kaya da masu ƙyalli, domin tsuntsu yana hango su tun daga nesa. A kuma guji shiga ruwa, saboda ruwan fadama da ba ya gudu yakan ɗauki cutar tsargiya.

Babban abin da ziyarar take bukata shi ne haƙuri, kuma shi ne abin da taron matasa suka fi rasawa. Mutum 40 da suka sauko daga mota suna hayaniya, kowa da waya a hannu, ba za su ga komai ba sai bayan tsuntsaye suna tashi. Dabara ita ce a kasa su rukuni-rukuni na mutum 6 zuwa 8, a fita tun kafin rana ta ɓullo, a sami gindin itace a zauna shiru. Minti 15 na farko kamar babu komai. Daga nan sai wurin ya manta da mutane, ido kuma ya fara rarrabe abin da a da yake gani dunƙule: wannan yana nutso, wancan yana tsinta a taɓo, wani yana shawagi yana jiran kifi ya taso. A lura da siffar baki da tsawon ƙafa, domin su ne suke faɗin abincin tsuntsu da inda yake nemansa. A dubi ƙasa kuma. Sawu da kashi da gashin da ya faɗi da ramin da aka tona cikin dare duk labari ne ga wanda ya iya karatunsu, kuma a nan ne ɗan jagora ko tsohon maharbi yake zama malami, mai digiri ya koma ɗalibi.

Ba a jifa, ba a taɓa sheƙa, ba a ba biri abinci, ba a barin leda, ba a kunna wuta. Ba a kuma sayen tsuntsu ko ƙwai ko fata daga hannun kowa a hanya, ko da don tausayi ne, domin kowane ciniki kira ne ga mai kamu ya koma ya ƙaro.

1.6 Abin da ke Yi wa Wurin Barazana

Kuskure ne a nuna wa ɗalibai kyawun wurin a ɓoye musu halin da yake ciki. Rayuwar fadamun ta dogara ga ambaliya, ambaliya kuwa tana hannun waɗanda ke sama da kogi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, domin noman rani da ruwan shan birnin Kano. Amfaninsu a fili yake, amma sun rage faɗin ƙasar da ruwa yake malalewa a kanta, sun kuma sauya lokacinsa. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi ya janye, sai ya zama ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi ne ciyawar kacala take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu kuma ya daina isa gare su. Cikin kacalar ne kuma jan-baki yake samun maɓoya, ya fito dubbai ya faɗa wa shinkafa da gero.

Sannan akwai tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi. Mutanen da ke kewaye da Dagona sun riga dokar gandu zuwa wurin. Masunci yana ganin kifi a tafkin da kakansa ya yi su, makiyayi yana ganin ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, mai saƙar tabarma yana bukatar kaba, an ce duk su dakata saboda tsuntsayen da ba na kowa ba. Ma'aikatan gandun kuma doka suke karewa, ga ƙarancin kayan aiki. Wanda ya ɗora laifi kacokan a kan talakan ƙauye bai yi adalci ba, domin abin da madatsa ɗaya ta sauya ya fi abin da masunta dubu za su iya. Gandun da maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba, ba ya daɗewa, ko da sojoji aka sa gadinsa.

Misali daga Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa ɓarna tana iya gyaruwa. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a da yana yawo daga Sanagal har Tafkin Cadi, har da arewacin Nijeriya. A 1996 guda 49 kawai suka rage a duniya, duk a yankin Kure, kusa da Yamai, a cikin gonakin mutane. Hana farauta da shigar da mazauna wurin cikin aikin jagora da kulawa suka sa adadin ya haura 600. A 2018 aka ɗauki guda 8 a mota aka kai su gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba, a 2022 kuma aka ƙara 4. Gadabeji, wadda aka keɓe tun 1955, tana arewa maso yamma da Daura, a ƙasar da Hausa take cikin harsunan kasuwa.

1.7 Abin da Malamin Hausa Zai Ɗebo

Ziyarar da ba a ɗaura mata aiki ba yawon shan iska ce. Tun kafin a tashi, ya kamata kowane rukuni ya san abin da zai tattaro. Aiki na farko shi ne na sunaye. Ɗalibi ya rubuta sunan da ya sani da Dauranci, ya tambayi yadda ake faɗinsa a Haɗeja da Nguru, in ya samu har da na Badanci da Fulatanci. Zai tarar wani yana cewa zalɓe wani zarɓe, wani fakara wani makwarwa, wani gadu wani mugun dawa. Wannan shi ne nazarin karin harshe a aikace. Zai kuma lura da yadda Hausa take gina suna ta hanyar jingina dabbar daji ga ta gida, kamar raƙumin dawa da zabon daji da kyanwar daji, abin da ke da amfani a darasin ƙirar kalma. Inda aka tarar da tsuntsun da mutane uku suka ba shi suna uku, kada a yi gaggawar yanke wanda ya fi daidai. A rubuta duka, da sunan garin da aka ji kowanne.

Aiki na biyu shi ne gwada adabin baka da abin da ido ya gani. Bahaushe ya kira damo sarkin haƙuri, ya kira dila malamin daji, ya mai da kura abar dariya mai kwaɗayi da tsoro. Wanne ne daga cikin waɗannan ya fito daga lura ta gaskiya, wanne ne kuma halin ɗan Adam aka rataya wa dabba? Kura dai a zahiri mafarauciya ce mai wayo da ƙarfin muƙamuƙi, ba wawuyar da Gizo yake yaudara kullum ba. Ɗalibin da ya gane haka ya fara fahimtar cewa tatsuniya ba darasin dabbobi take koyarwa ba, mutane take zunɗe.

Aiki na uku shi ne rubutu. Siffanta zalɓe yana kamun kifi cikin jimla 10, ba tare da aron kalmar Turanci ba, ya fi wuya fiye da yadda ake zato, kuma yana tilasta wa marubuci neman aikatau na daidai da amsa-kama irin su cik da fir da tsamo-tsamo. Daga abin da aka tattaro ana iya shirya insha'i na siffantawa, da rahoto, da wasiƙar godiya ga hukumar gandun, da muhawara tsakanin masunci da ma'aikacin gandu, da ƙaramin ƙamus mai zane wanda za a rataye a bangon aji.

Ba kowace makarantar da ɗalibi zai koyar bayan ya gama ce za ta iya ɗaukar nauyin tafiya Yobe ba. Amma wanda ya koyi zama shiru a bakin tafkin Dagona zai iya maimaita darasin kusa da gida. Madatsun ruwa na Sabke da Daberam ba su da nisa da Daura, kuma da hunturu ba a rasa balbela da zalɓe da agwagin ruwa a bakinsu. Akwai kududdufin bayan gari, akwai tsamiyar da shamuwa take sheƙa a kanta duk bazara, akwai kuma tsofaffin maharba a ƙauyukan Sandamu da Ɓaure waɗanda za a iya gayyata aji su zo da kan burtu, su nuna wa yara yadda ake ɗaura shi.